Zoben tumbi: Yadda cin abinci ke sauyawa bayan tiyatar rage ƙiba

Sakamakon wani babban bincike da aka gudanar a asibitoci 12 na Birtaniya, wanda aka wallafa a shekara ta 2025, ya ƙara tabbatar da abin da likitoci da dama suka jima suna faɗa game da tiyatar sanya zobe a tumbi domin rage ƙiba, wato cewa ita ce ke baya a cikin manyan tiyatocin nan uku da ake yi wa masu fama da matsananciyar ƙiba.

Binciken ya bi diddigin mutane sama da 1,300 har tsawon shekaru 3. A cikin waɗanda aka yi wa tiyatar karkata hanyar abinci, kashi 68 cikin 100 sun zubar da aƙalla rabin nauyin da ya wuce kima a jikinsu. A cikin waɗanda aka yanke wa wani sashe na tumbi, kashi 41 ne suka kai wannan matsayi. Amma a cikin waɗanda aka sanya wa zobe, kashi 25 ne kawai.

To sai dai waɗannan alƙaluma ba su rufe batun ba. An sanya wa dubban ɗaruruwan mutane wannan zobe a sassa daban-daban na duniya, kuma da yawa daga cikinsu har yanzu yana jikinsu. A gare su, tambayar da ke tasowa sau uku a kowace rana ita ce: me za a ci, yaya yawansa, kuma cikin minti nawa?

A kan wannan tambaya ce nasara ko gazawar tiyatar ta rataya tun farko, ko da yake ba haka aka riƙa tallata ta ba.

Yadda zoben yake

Zoben tumbi wata 'yar ɗamara ce da aka yi da roba mai laushi ta silikon, wadda ake ɗaurawa a can saman tumbi, dab da inda hanyar abinci ta sauko daga maƙogwaro. Ba a yanke komai a cikin tumbin, ba a kuma taɓa hanji.

A jikin zoben ta ciki akwai wani abu kamar balan-balan. Wani siririn bututu ne ya haɗa shi da wata 'yar ma'ajiya da ake binnewa a ƙarƙashin fatar ciki. Idan likita yana son ya ƙara matse zoben, sai ya soka allura ta fata zuwa ma'ajiyar, ya ɗura ruwan gishiri kaɗan. Idan yana son ya sassauta, sai ya zuƙe ruwan.

Tumbin babban mutum kan iya ɗaukar abin da ya kai lita 1 ko fiye. Ɗan aljihun da ke saura a saman zoben kuwa bai wuce mililita 15 zuwa 30 ba, wato cokali ɗaya ko biyu na cin abinci.

An ƙirƙiro zoben da ake iya matsewa da sassautawa ne a tsakiyar shekarun 1980, inda Dr Lubomyr Kuzmak a Amurka da wasu likitoci a Sweden suka yi aiki a kansa, kowa ta nasa ɓangaren. A shekara ta 1993 ne Dr Mitiku Belachew, wani likita ɗan asalin ƙasar Habasha da ke aiki a Belgium, ya sanya samfurin da aka sani da Lap-Band ta hanyar 'yan ƙananan huji da kyamara, ba tare da an tsaga ciki ba. Hukumar kula da ingancin abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da shi a watan Yunin 2001.

Daga nan kasuwarsa ta buɗe. Ya zuwa shekara ta 2008, fiye da kashi 40 cikin 100 na tiyatar rage ƙiba da ake yi a duniya ta zobe ce. Dalilin a fili yake: aikin ba ya ɗaukar lokaci, haɗarin mutuwa a lokacin tiyatar kaɗan ne ƙwarai, mutum kan koma gida a ranar ko washegari, sannan ana iya cire zoben idan an ga dama.

Rabin kofi

Makonnin farko bayan tiyata ba su da wani saɓani a tsakanin likitoci. Ana farawa da abin sha zalla, kamar romo da madara, na kimanin mako biyu. Daga nan sai abinci da aka markaɗa, sai mai laushi, har a kai ga abinci na yau da kullum bayan kimanin mako shida. Manufar ita ce a bar zoben ya zauna daram a inda aka ɗaura shi, domin amai ko cika tumbi a wannan lokaci na iya gusar da shi. A daidai wannan lokaci ne kuma ake yin ɗurin farko na ruwan gishiri.

Abin da ke biyo baya shi ne ainihin aikin, kuma shi ba ya ƙarewa.

Asibitocin da suka ƙware a wannan fanni kan umarci mai zobe ya ci abinci sau uku a rana ko ƙasa da haka, kuma kowane ci ya tsaya a kan kimanin rabin kofi zuwa kofi ɗaya. Ana ba shi shawarar ya ajiye babban faranti ya koma cin abinci a ƙaramin farantin shayi, da ƙaramin cokali. Ana so ya fara da nama ko kifi ko ƙwai ko wake, sannan kayan lambu, abin da ya rage na wuri sai a ba shinkafa ko dankali.

A asibitocin Birtaniya akwai wata ƙa'ida da masana abinci ke koyarwa wadda aka gina a kan lamba 20. Loma kada ta wuce faɗin ƙaramin sulallan nan na ƙasar mai lamba 20, wato kimanin santimita 2. A tauna ta sau 20. A ajiye cokali a dakata kafin a ɗauki wata. Idan an yi minti 20 ana ci, sai a tashi, ko da kuwa akwai saura a faranti.

Idan aka lissafa loma ɗaya a kowane minti, cin abincin rana gaba ɗaya bai wuce loma 20 ba, kuma kowace loma ba ta fi kan babban yatsa ba.

Duk wanda ya tashi da cin tuwo ya san cewa ba a cika tauna lomarsa ba, ana dangwalar miya ne a haɗiye. Wannan salon ci shi ne daidai abin da zoben ba ya yarda da shi. Abincin da ke dunƙulewa ko mai zare-zare shi ne ya fi ba masu zobe wahala: burodi sabon gashi, busasshen nama ko wanda aka gasa ya yi tauri, shinkafa mai danƙo, taliya, ɓawon 'ya'yan itace, da ganye mai jijiya.

Idan loma ta yi girma ko ba ta taunu ba, sai ta tsaya a bakin zoben. Mutum zai ji nauyi ko zafi a ƙirji, miyau mai kauri ya taru masa a baki, sau da yawa kuma abincin ya dawo kamar yadda aka haɗiye shi. Wannan ya bambanta da aman da aka saba, domin abincin bai kai ga cikin tumbi ba balle ya gauraya da ruwan tsamin da ke narkar da shi. Masu zobe da dama kan ce ya fi matsewa da safe, kuma abin da ya wuce jiya lami lafiya yana iya tsayawa yau.

Abin da aka gano a Melbourne

A farkon lamari, bayanin da ake yi wa marasa lafiya mai sauƙi ne: abinci zai taru a ɗan aljihun da ke saman zoben, aljihun ya cika, mutum ya ji ya ƙoshi, sannan abincin ya riƙa ɗiga ƙasa sannu a hankali kamar ruwa a mazurari.

Binciken da aka yi a Jami'ar Monash da ke birnin Melbourne na ƙasar Australia, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Paul O'Brien, ya nuna cewa lamarin ba haka yake ba. Idan an saita zoben daidai, abinci ba ya zama a samansa. Kowace loma sai hanyar abinci ta matsa ta sau da dama kafin ta tura ta ƙasan zoben, kuma hakan kan ɗauki kusan minti ɗaya. Masu binciken na ganin cewa wannan matsi da ake ta maimaitawa a saman tumbi shi ne ke taɓa jijiyoyin da ke kai wa ƙwaƙwalwa saƙon ƙoshi.

Tun a shekara ta 2005 wannan tawaga ta gwada wani abu. An riƙa sauya yawan ruwan da ke cikin zoben wasu mutane ba tare da sun san ko an ƙara ko an rage ba. A ranakun da zoben ke saite daidai, mutanen sun bayar da rahoton ƙarancin yunwa tun da safe, kafin ma su sa komai a baki.

Wannan ya sauya ma'anar ƙa'idojin cin abincin baki ɗaya. Dakatawar minti ɗaya tsakanin loma da loma ba ladabin cin abinci ba ne kawai. Idan aka haɗiye loma ta biyu kafin ta farko ta wuce, sai su taru a saman zoben, su buɗa aljihun. Idan aka yi watanni ko shekaru ana haka, aljihun kan saki ya yi faɗi, ita ma hanyar abinci tana iya buɗewa ta rasa ƙarfin matsawa, ko kuma wani sashe na tumbi ya zame ya haura saman zoben.

Haka nan ya sa abin da ake so mai zobe ya nema ya sauya. Ba a so ya ci har sai ya ji cikinsa ya cika, domin jin cika a ƙirji alama ce ta cewa an riga an wuce gona da iri. Abin da ake so shi ne ya tsaya da zarar ya daina jin yunwa. Ga mutumin da ya shafe shekaru 30 ko 40 bai san wani ma'aunin ƙoshi ba sai nauyin ciki, koyon wannan bambanci ba ƙaramin aiki ba ne.

Har ila yau binciken ya sa wasu likitoci sun sassauta tsohuwar dokar nan da ta hana shan ruwa a lokacin cin abinci da rabin sa'a bayansa, wadda aka kafa bisa tunanin cewa ruwa zai wanke abincin daga aljihun. Asibitoci da yawa dai sun ci gaba da riƙe dokar. Lemon kwalba mai gas kuwa, galibinsu na hana shi.

Tarkon abinci mai laushi

Likitocin Melbourne sun raba yanayin zobe gida uku, suka ba kowanne launi. Idan ya yi sako-sako, mutum na jin yunwa kuma yana iya cin abinci da yawa, wannan shi ne launin rawaya. Idan ya yi daidai, ɗan abinci kaɗan na isar mutum na sa'o'i, nauyi na raguwa a hankali, wannan shi ne kore. Idan ya matse fiye da kima, shi ne ja.

Abin da ke ruɗar mutane da yawa yana cikin launin ja. Hankali zai ba mutum cewa idan an ƙara matse zoben, nauyi zai ƙara raguwa, shi ya sa marasa lafiya kan matsa wa likita lamba ya ƙara ɗuri. Sau da yawa akasin haka ne ke faruwa.

Wanda zobensa ya matse ba ya iya haɗiye nama ko kayan lambu ba tare da sun dawo ba. Yunwa kuwa ba ta tafi ko'ina ba. A hankali sai ya gano abubuwan da ke wucewa ba gardama: askirim, cakulan, biskit da aka jiƙa a shayi, soyayyen dankalin leda da ke narkewa a baki, madara mai sukari, lemo. Waɗannan duka suna zarcewa ƙasan zoben ba tare da hanyar abinci ta yi wani matsi ba, saboda haka ba sa kawo ƙoshi, alhali suna ɗauke da sukari da mai fiye da abincin da aka bari.

Ta haka ne ake samun mutumin da ba ya iya cinye rabin cinyar kaza, yana amai sau da dama a mako, yana fama da ƙwannafi da tari cikin dare, amma nauyinsa na ƙaruwa. Maganin irin wannan yanayi shi ne a rage ruwan zoben, abin da marasa lafiya da yawa ke ƙi saboda tsoron ƙiba za ta dawo.

A nan ne raunin zoben yake idan aka kwatanta shi da sauran tiyatocin biyu. Yanke tumbi na cire kusan kashi 80 cikin 100 na tumbin, har da sashen da ya fi samar da sinadarin da ke tayar da yunwa. Karkata hanyar abinci kuma na sa hanji ya ƙara fitar da sinadaran da ke kawo ƙoshi. Zobe ba ya yin ko ɗaya daga cikin waɗannan. Ya dogara ne kacokan a kan saiti mai kyau da kuma yadda mai shi ke sarrafa cokali.

Talla a bakin titi

Wannan bayani mai sarƙaƙiya ba ya shiga allon talla. A kudancin jihar California ta Amurka, wajen shekara ta 2010, manyan allunan da ke bakin hanya da gidajen rediyo sun cika da tallar wata lambar waya, 1-800-GET-THIN, wadda ke kiran masu ƙiba su zo a sanya masu Lap-Band. Jaridar Los Angeles Times ta bayar da rahoton mutuwar mutane 5 bayan an yi masu aikin a cibiyoyin da ke da alaƙa da tallar tsakanin 2009 da 2011. A watan Disamban 2011, hukumar FDA ta aika da wasiƙun gargaɗi, tana mai cewa tallace-tallacen ba sa bayyana haɗarin tiyatar yadda ya kamata.

A watan Fabrairun wannan shekarar ce kuma hukumar ta faɗaɗa izinin amfani da zoben ga waɗanda ƙibarsu ba ta kai matsananciya ba, muddin suna da wata cuta mai alaƙa da ita, kamar ciwon sukari.

Fitattun mutane ma sun taimaka wajen yaɗa sunansa. Gwamnan jihar New Jersey na lokacin, Chris Christie, ya bayyana a watan Mayun 2013 cewa an sanya masa zoben a watan Fabrairun shekarar. A Birtaniya kuwa, Sharon Osbourne, wadda ta yi suna a shirye-shiryen talabijin, an sanya mata a 1999, aka cire a 2006.

A lokacin da Mr Christie ke wannan bayani, likitocin Amurka sun riga sun fara juya wa zoben baya. Ƙiyasin ƙungiyar likitocin tiyatar ƙiba ta ƙasar ya nuna cewa a 2011 zobe ne kashi 35 cikin 100 na ayyukan da aka yi. Ya zuwa 2019 ya faɗo ƙasa da kashi 1. Darajarsa a kasuwa ma ta bi wannan hanya. A 2013 kamfanin Allergan ya sayar da sashensa na na'urorin rage ƙiba, wanda Lap-Band ke ciki, a kan kuɗin da ka iya kaiwa dala miliyan 110. Bayan shekaru 5 aka sake sayar da Lap-Band ɗin a kan kimanin dala miliyan 17.

Alƙaluma masu karo da juna

Abin da ya sa muhawara kan zoben ta daɗe shi ne cewa kowane ɓangare na da alƙaluman da zai kafa hujja da su.

A shekara ta 2011, Dr Jacques Himpens da abokan aikinsa a Belgium sun wallafa abin da suka gano game da mutanen da aka sanya wa zobe tsakanin 1994 da 1997. A cikin mutane 82 da aka iya samu bayan shekaru 12 ko fiye, kusan rabi an cire masu zoben, kimanin kashi 60 cikin 100 an sake yi masu wata tiyata, kuma a jikin fiye da kashi ɗaya cikin huɗu zoben ya ci bangon tumbi ya kutsa ciki.

A Amurka, wani bincike da aka wallafa a 2017 ya duba mutane kimanin 25,000 da shirin inshorar lafiya na gwamnati, Medicare, ya biya wa kuɗin aikin tsakanin 2006 da 2013. A cikin dala miliyan 470 da aka kashe, kusan rabi ya tafi ne wajen gyara zoben, ko sauya shi, ko cire shi.

Amma a 2013 tawagar Farfesa O'Brien ta fitar da nata rahoton kan mutane 3,227, inda ta ce waɗanda aka bi diddiginsu har shekaru 15 sun riƙe ragin kashi 47 cikin 100 na nauyin da ya wuce kima, kuma babu wanda ya mutu sakamakon tiyatar. Kafin nan, a 2008, wani gwaji da ta yi a kan mutane 60 masu ciwon sukari ya nuna cewa ciwon ya lafa a jikin kashi 73 cikin 100 na waɗanda aka sanya wa zobe, idan aka kwatanta da kashi 13 na waɗanda aka bi da su ta hanyar magani da shawarwari.

Masu suka sun yi nuni da cewa cibiyar ta Melbourne ta samu tallafin bincike daga kamfanin da ke sayar da zoben. Wannan gaskiya ne, kuma ya kamata a riƙe shi a zuciya. Amma akwai wani bambanci da ya fi wannan bayyana saɓanin. A Melbourne, ana ganin mai zobe kusan kowane wata a shekarar farko, ana tambayarsa abin da yake ci, ana ƙara ɗigon ruwa ko a rage, kuma ana sa ran zai ci gaba da zuwa har iya rayuwarsa. A wurare da dama kuwa, ana biyan likita ne a kan tiyatar, ziyarar da ke biyo baya ba ta kawo wani kuɗin kirki, kuma marasa lafiya kan daina zuwa bayan shekara ɗaya ko biyu.

Wato dai na'urar iri ɗaya ce, kulawar ce ta bambanta. Sai dai wannan hujja ba ta wanke zoben gaba ɗaya ba. Binciken Birtaniya na 2025 an yi shi ne a asibitocin gwamnati inda ganin likita kyauta ne kuma akwai masana abinci, duk da haka mutum ɗaya cikin huɗu ne ya kai ga zubar da rabin nauyin da ya wuce kima. Maganin da ba ya aiki sosai sai a hannun 'yan ƙalilan ɗin ƙwararru, da wuya a kira shi maganin jama'a.

Cin taro da azumi

Ƙa'idojin cin abincin masu zobe an tsara su ne a ƙasashen da kowa ke cin nasa a farantinsa. A ƙasashen Larabawa na yankin Gulf, waɗanda ke cikin wuraren da ƙiba ta fi yawa a duniya kuma ake yawan yin tiyatar rage ta, babban tire na shinkafa da nama ne ake ajiyewa a tsakiya a kewaye shi, kamar yadda ake haɗuwa a kwano ɗaya a ƙasar Hausa. A irin wannan zama babu wanda ke auna rabin kofi, hannu na bin hannu ne, kuma wanda ya janye da wuri sai mai gida ya tambaye shi ko lafiya. Shawarar da masana abinci kan bayar ita ce mutum ya ɗebi nasa a ƙaramin kwano tun kafin a fara, abin da ke buƙatar ya bayyana wa iyalinsa da abokansa halin da yake ciki. Da yawa ba sa son yin hakan, saboda kallon da ake yi wa tiyatar a matsayin hanyar ragwaye.

Watan Ramadan na zuwa da nasa ƙalubalen. Bayan sa'o'i 13 ko 14 ba ci ba sha, jiki na neman a ci da sauri kuma da yawa, a lokacin da zoben ke buƙatar akasin haka. Sannan tsakanin magariba da asuba ne mutum zai sha dukkan ruwan da jikinsa ke buƙata, alhali ba ya iya kwankwaɗa sai kurɓa. Likitoci kan shawarci wanda aka yi wa tiyatar rage ƙiba da ya jinkirta azumi a watannin farko, abin da ya dace da rangwamen da shari'a ta yi wa mara lafiya. Ga wanda ya daɗe da zobe kuma likita ya amince ya yi azumi, shawarar ita ce ya buɗe baki da ruwa ko romo mai ɗumi, ya yi salla, sannan ya dawo ya ci abinci a tsanake.

Akwai kuma batun masu tafiya wata ƙasa a yi masu aiki su dawo gida. Zobe na buƙatar wanda ya iya ɗuri da zuƙe ruwansa da allura ta musamman, kuma a kusa. Idan zoben ya zame har mutum ya kasa haɗiye ko da ruwa, ko yana amai ba ƙaƙƙautawa tare da ciwon ciki mai tsanani, matakin farko shi ne a zuƙe ruwan cikin gaggawa, domin jinkiri na iya sa jini ya daina kaiwa wani sashe na tumbi. Wanda likitansa ke wata nahiya ba shi da wannan dama.

Zuwan allurai

Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta ce a shekara ta 2022 mutum ɗaya cikin 8 a duniya na fama da ƙiba, kuma manya miliyan 890 ne ke cikin wannan rukuni. Tiyata kowace iri ce ba za ta taɓa kaiwa ga ko da ƙaramin kaso na wannan adadi ba.

Gurbin da zobe ya taɓa cikewa, wato na masu son rage nauyi ba tare da an yanke masu komai ba, yanzu allurai ne suka shige shi. A watan Yunin 2021 hukumar FDA ta amince da allurar Wegovy, wadda a gwaji ta rage kimanin kashi 15 cikin 100 na nauyin jiki cikin makonni 68. A watan Nuwamban 2023 ta amince da Zepbound, wadda ta kai kimanin kashi 20. Dukkansu suna kwaikwayon sinadaran nan ne na hanji masu kawo ƙoshi, waɗanda zobe ba ya taɓawa.

Shawarwarin da ake ba masu shan allurar sun yi kama da na masu zobe: a rage yawan abin da ake zubawa, a ci a hankali, a fara da abinci mai gina jiki, a tsaya kafin ciki ya cika, in ba haka ba tashin zuciya da amai su biyo baya. Haka nan abin da ke faruwa idan an daina. Waɗanda suka bar allurar Wegovy bayan gwajin farko sun mayar da kimanin kashi biyu cikin uku na nauyin da suka zubar cikin shekara ɗaya. Waɗanda aka cire wa zobe ba tare da an yi masu wata tiyata a madadinsa ba su ma galibi nauyinsu kan dawo, shi ya sa likitoci da dama kan haɗa cirewar da yanke tumbi ko karkata hanyar abinci, ko dai a lokaci guda ko bayan 'yan watanni.

Ga waɗanda zobensu ke aiki lafiya, likitoci ba sa cewa a cire shi don kawai an daina yayinsa. Abin da suke nema shi ne a riƙa zuwa ana duba shi aƙalla sau ɗaya a shekara, a kuma hanzarta zuwa asibiti idan ƙwannafi ya tsananta cikin dare, ko abinci na yawan dawowa, ko wurin ma'ajiyar ya kumbura ya yi ja, ko kuma mutum ya wayi gari yana iya cin abin da a da ba ya iyawa. Matsalar da ke ƙara fitowa fili ita ce, yayin da asibitoci ke daina sanya zoben, yawan likitoci da ma'aikatan jinya da suka ƙware wajen saita shi na raguwa, kuma sababbin likitocin tiyata da dama sun fi sanin yadda ake cire shi fiye da yadda ake kula da shi.